Ana Son Hannun Baƙo, Ba A Son Ɗansa

Jawabin da kwamitin kare haƙƙi na ƙungiyarmu ya gabatar a taron ƙarshen wata, a Sabo, Ibadan

 



Da aka ga takardar gayyata an rubuta cewa yau a kan ƙasar Ingila za mu yi magana, wani dattijo ya tare mu a bakin masallaci ya ce, mu da ba mu gama da matsalar magudanar ruwa ta unguwarmu ba, ina ruwanmu da Ingila? Gaskiyarsa, kuma maganar magudana tana nan tafe bayan wannan jawabi. To amma dalilai biyu suka sa kwamiti ya zaɓi wannan batu. Na farko, a 'yan watannin nan gidaje fiye da ɗaya sun zo neman shawara, an ce musu su sayar da fili ko shago su biya wani dillali ya kai ɗansu ko 'yarsu aikin kula da tsofaffi a Ingila. Na biyu, da muka zauna muka bi labarin abin da ke faruwa a can, sai muka ga ashe labari ne da muka sani tun muna yara, sunayen garuruwa ne kawai suka bambanta.

Bari mu fara da haihuwa, don daga nan komai ya taso. Masana ƙidaya suna da wani ma'auni: kafin al'umma ta tsaya yadda take, ba ƙari ba ragi, sai kowaɗanne mata goma sun haifi 'ya'ya 21 a tsawon rayuwarsu, wato abin da suke rubutawa 2.1. A Ingila da Wales, a shekarar 2024, lissafin ya tsaya a 1.41, wato mata goma 'ya'ya 14, kuma ba a taɓa samun ƙasa da haka ba a tarihin lissafinsu kafin wannan shekara. A 2023 jarirai dubu 591 da 'yan kai aka haifa, adadin da rabonsu da ganin ƙarancinsa tun 1977. A yankin Sikotland kuwa, tun 2015 masu mutuwa a shekara sun fi waɗanda ake haifa yawa. A wasu unguwannin Landan har an rufe makarantun firamare, ba don rashin malamai ko rashin kuɗin gyara ba, sai don babu yaran da za su cika azuzuwan. Mu da ajinmu ɗaya yake ɗaukar yara tamanin, wasu a kan benci wasu a ƙasa, wannan magana sai ta yi mana kama da tatsuniya.

Ba su kaɗai ba ne. Koriya ta Kudu ta sauka har 0.72 a 2023. A Japan jariran da aka haifa a 2024 ba su kai dubu 700 ba. Yawan mutanen Sin ya fara raguwa tun 2022. Kuma kafin wani ya ce ai rashin addini ne ya jawo musu, to a sani Turkiyya ma a 2024 tana ƙasa da 1.5, Iran kuwa ta daɗe da sauka ƙasa da biyu. Haihuwa dai kyauta ce ta Allah, wannan ba mu da ja a kansa, amma Allah yana yin abu da sababi. Sababin da su mutanen Ingila suke ambata shi ne tsadar gidan haya, da tsadar wurin renon yara, da jinkirin aure har a haura shekara talatin, da kuma cewa albashin mutum ɗaya ba ya riƙe gida. Ita ma gwamnatinsu ta taimaka wa abin, domin daga Afrilun 2017 ta daina ba iyalai marasa ƙarfi tallafi a kan ɗa na uku da na bayansa, sai a kasafin kuɗin Nuwamban 2025 aka ba da sanarwar soke wannan doka.

To me ke faruwa da ƙasar da tsofaffi suka yi yawa, yara suka yi kaɗan? Fanshon da gwamnati ke biyan tsoho a yau, daga harajin mai aiki na yau ake cire shi. In masu aiki suka ragu, masu karɓa suka ƙaru, asusu sai ya girgiza. Ban da kuɗi kuma akwai hannu. Tsohon da ya kai shekara tamanin da biyar yana bukatar mai ɗaga shi, mai yi masa wanka, mai ba shi magani a kan lokaci. A wurinmu jika ko suruka ko 'yar ƙanwa ke yi. A can 'ya'yan biyu ne ko ɗaya, kuma suna wani gari suna aiki, don haka sai a kai tsoho gidan kula da tsofaffi, a ɗauki ma'aikaci a biya shi. Aikin da wuya, albashin kaɗan, 'yan ƙasa ba sa rububinsa.

Da cutar korona ta wuce, ga shi kuma sun fice daga Tarayyar Turai, Turawan Gabas da ke yi musu irin wannan aiki sun ragu, sai gwamnati ta buɗe ƙofa. A Fabrairun 2022 aka sa aikin kula da tsofaffi cikin ayyukan da za a iya ba mutum biza a kansu, ya zo da matarsa ko mijinta da 'ya'ya. Indiya da Nijeriya da Zimbabuwe su ne suka fi cika wannan layi. Ko kafin nan ma hukumar lafiyarsu, wadda suke kira NHS, ta daɗe tana tsaye da ƙafar baƙi: kusan mutum ɗaya cikin biyar na ma'aikatanta a Ingila ba ɗan Birtaniya ba ne, kuma 'yan Nijeriya suna sahun gaba tare da 'yan Indiya da 'yan Filifin. Har a ɗakin haihuwa abin ya nuna, domin a 2024 kusan jariri ɗaya cikin uku da aka haifa a Ingila da Wales, uwarsa a wata ƙasa aka haife ta, kuma Nijeriya tana cikin ƙasashe huɗu na farko.

Jama'a, a nan ne siyasa ta shigo. A 2023 lissafin gwamnati ya nuna cewa waɗanda suka shiga ƙasar sun ɗara waɗanda suka fita da fiye da mutum dubu 900 a shekara guda. Sai hayaniya ta tashi. Talakan Bature da ya shekara yana jiran layin tiyata, ya kasa biyan kuɗin haya, sai aka nuna masa baƙo aka ce ga wanda ya cinye maka rabo. Ba za mu ce duk kukan nasa ƙarya ne ba, domin gidajen sun yi kaɗan da gaske, layin asibiti ya yi tsawo da gaske. Amma wanda aka nuna masa ɗin, sau da yawa shi ne mai juya mahaifiyarsa a kan gado da tsakar dare.

Ku saurari yadda aka yi ta rufe ƙofar, ku lura da wanda aka fara korewa. A Janairun 2024 aka hana yawancin ɗalibai zuwa da iyalinsu, abin da ya fi shafar 'yan Nijeriya, don a 2022 kaɗai sun kai iyali fiye da dubu 60. A Maris 2024 aka ce mai aikin kula da tsofaffi zai iya zuwa, amma shi kaɗai, ba mata, ba miji, ba 'ya'ya. Wato mace ta bar goyonta a Legas ko Benin ta je ta yi renon uwar wani. Ƙasar da ke kukan ba ta da yara, yara ta fara hana shiga. A Mayun 2025 gwamnatin Keir Starmer ta fito da shirin mayar da shekarun jira kafin a ba mutum izinin zama na dindindin daga biyar zuwa goma. Daga 22 ga Yulin 2025 aka rufe ɗaukar masu kula da tsofaffi daga ƙasashen waje ɗungurungum. A Nuwamban 2025 ministar cikin gida, Shabana Mahmood, wadda ita kanta Musulma ce 'yar baƙi 'yan asalin Pakistan, ta gabatar da shawarar cewa masu irin wannan ƙaramin aiki su jira har shekara 15. A gefe guda kuma jam'iyyar Reform ta Nigel Farage, wadda ta ci kujeru biyar kacal a zaɓen Yulin 2024, ta yi rinjaye a ƙananan hukumomi da dama a Mayun 2025, ta kuma yi alkawarin soke izinin zama na dindindin gaba ɗaya. Zuwa tsakiyar 2025 rarar masu shiga a kan masu fita ta faɗo zuwa kimanin dubu 200. Su tsofaffin dai suna nan a kan gadajensu, ba wanda ya rage musu shekaru.

A nan za mu tsaya mu amsa wa gidajen da suka zo neman shawara, a gaban kowa, don kada a ce ba a ji ba. Wannan hanya an rufe ta tun Yulin 2025. Duk dillalin da ya ce a ba shi miliyoyi zai samo takardar aikin kula da tsofaffi ga mutumin da ke zaune a Nijeriya, to abin da babu shi yake sayarwa. Ko a lokacin da ƙofar ke buɗe ma, tsakanin 2022 da 2024 gwamnatin Birtaniya ta soke lasisin kamfanoni fiye da 470, ma'aikata kimanin dubu 39 suka wayi gari ba mai ɗaukar nauyinsu, wasunsu sun isa sun tarar ma babu aikin. Kada a sayar da filin marayu a kan wannan.

Akwai abin da ya faru a 2024 da ya kamata mu ambata. Ranar 29 ga Yuli wani matashi ya kashe yara mata uku a garin Southport. Kafin 'yan sanda su ce komai, ji-ta-ji-ta ta bi wayoyi cewa Musulmi ne ɗan gudun hijira da ya shigo ta kwalekwale. Kashegari aka far wa masallacin garin, cikin mako guda tarzoma ta bazu garuruwa da yawa, har aka yi yunƙurin cinna wuta a wani otal da 'yan gudun hijira ke ciki kusa da Rotherham. Ashe yaron a birnin Cardiff aka haife shi. Ba sai mun yi wa mutanen wannan zaure bayanin yadda irin wannan wuta ke kamawa ba. Wasunmu suna Shagamu a 1999, wasu suna Idi-Araba a 2002, kuma dukanmu muna nan a Fabrairun 2021 da 'yar hatsaniya a kan kayan da suka zube a Shasha ta zama asarar rayuka da ƙonewar kasuwa. Mu kuma faɗi alherin da aka yi: a Southport maƙwabta Turawa ne suka fito da safe suka share titi, suka taya gyara katangar masallacin, kamar yadda a Shasha aka samu Yarbawan da suka ɓoye mutanenmu a gidajensu.

Yanzu ga inda muke so a fi buɗe kunne, maganar ɗan da aka haifa a can. Da yawanmu muna zaton duk wanda aka haifa a Ingila ya zama ɗan ƙasa. Haka abin yake a da, amma daga 1 ga Janairun 1983 doka ta canza: sai ɗaya daga cikin iyaye ɗan ƙasa ne ko yana da izinin zama na dindindin. Kemi Badenoch, wadda aka zaɓa shugabar jam'iyyar Conservative a Nuwamban 2024, an haife ta a Landan a 1980, ta girma a Legas, kuma tsohuwar dokar ce ta ba ta haƙƙin komawa. Mun ji abin da ta faɗa game da mutanen Arewa a ƙarshen 2024, ba shi ya tara mu yau ba. Abin dubawa shi ne, in aka tsawaita jiran iyaye zuwa shekara 10 ko 15, to ɗan da suka haifa a can ma an tsawaita masa zaman baƙunta a garin da aka yanke cibiyarsa. Doka dai ta bar masa ƙofa ɗaya: in ya yi shekara goma na farkon rayuwarsa a ƙasar, yana iya neman a yi masa rajista a matsayin ɗan ƙasa. Ku riƙe wannan shekara goma, za mu dawo kanta.

Sai labarin mutanen Windrush. A Yunin 1948 wani jirgin ruwa mai wannan suna ya sauke ɗaruruwan baƙaƙen fata daga Jamaika da maƙwabtanta, lokacin da Ingila ke neman ma'aikata bayan yaƙin duniya na biyu. Wasu dubbai suka biyo bayansu. Suka tuƙa motocin haya, suka yi aikin jirgin ƙasa, matansu suka yi jinya a asibitoci. Dokar 1971 ta ba duk wanda ya zauna kafin 1973 haƙƙin zama, amma ba a ba kowa takarda a hannu ba, su ma ba su nema ba, don a ganinsu wa zai tambayi mutumin da kowa ya sani? Yara da yawa ma a kan fasfon iyayensu suka shigo. A 2010 ma'aikatar cikin gida ta lalata katunan saukarsu da ke ajiye. Daga 2012 kuma aka fito da tsarin da ya tilasta wa mai gidan haya da mai ba da aiki da asibiti su nemi takarda. Sai ga mutumin da ya yi shekara hamsin a gari, ya biya haraji, ya aurar da 'ya'ya, an ce ya kawo shaidar cewa shi ba ɗan kutse ba ne. Wasu suka rasa aiki, wasu suka rasa gida. Wani da ya haura shekara arba'in a Landan, yana fama da ciwon daji, aka ce sai ya biya fam dubu 54 kafin a yi masa magani. Aƙalla mutum 83 aka fitar daga ƙasar bisa kuskure. Da asiri ya tonu a 2018 ministar cikin gida Amber Rudd ta sauka, aka ba da haƙuri, aka kafa asusun diyya, amma wasu sun mutu ba su karɓa ba. Haƙƙin nan suna da shi a doka tun farko, ba wanda ya soke shi. Takardar nuna shi ce ba su da ita.

Kan lafiyar jama'a za mu taƙaita. Ƙyanda, cutar da suka yi zaton sun gama da ita, ta dawo musu. A 2024 an tabbatar da kusan mutum 3,000 da suka kamu a Ingila, mafi yawa tun 2012, kuma a Yulin 2025 wani yaro ya rasu a Liverpool. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: ana bukatar yara 95 cikin ɗari su sami allura biyu kafin cutar ta rasa hanya, su kuwa suna wajen 84, a Landan ma ƙasa da 75. Tushen tsoron allurar wani likita ne, Andrew Wakefield, da ya wallafa bincike a 1998 yana danganta ta da lalurar ƙwaƙwalwa ga yara. A 2010 aka janye binciken, aka kuma soke sunansa daga rajistar likitoci, amma maganar ta riga ta shiga gidaje. Mu da muka ga abin da ji-ta-ji-tar 2003 ta jawo a kan allurar shan inna, har ƙasarmu ba ta rabu da cutar ba sai 2020, ba mu da bakin yi musu dariya. Sannan asarar da ta fi shafarmu kai tsaye: ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya ce likitoci kimanin dubu 16 suka bar Nijeriya a cikin 'yan shekarun nan. Duk sa'ad da matanmu suka je awon ciki tun asuba suka dawo bayan azahar don ma'aikaciya ɗaya ke duba mata ɗari, to wani ɓangare na amsar yana can a Manchester.

To, mu dawo gida. Unguwar nan ta Sabo an kafa ta ne a 1916. Akwai gidajen da uba da kaka da kakan kaka duk a nan aka binne su. Shanun da garin nan ke ci, da tumatir da albasa da wake, da goron da ke tafiya Arewa, hannunmu ke ciki. Amma ranar da ɗanmu ya gama sakandare ya nemi shiga soja ko 'yan sanda ko jami'a, sai a ce ina takardar indijin. Mun raka wani yaro na wannan unguwa wani ofishi, aka dubi sunansa aka ce ya tafi garinsu. Ya hau mota ya tafi garin da kakan ubansa ya baro, can ma aka ce wane ne ya san ka, wane mai unguwa ne zai sa maka hannu? Ya dawo, lokacin cike takarda ya wuce. Yanzu acaɓa yake yi, kuma shi ne ya fi kowa maki a ajinsu.

Kundin tsarin mulki na 1999 ya ba mu haƙƙin zama a ko'ina a sashe na 41, ya hana nuna bambanci saboda ƙabila ko asali ko addini a sashe na 42, ya ba mu haƙƙin mallakar fili da gida a ko'ina a sashe na 43. Shi ne kuma a sashe na 147 ya ce a naɗa minista daga kowace jiha wanda yake ɗan asalinta, bai kuma warware ma'anar ɗan asalin yadda za ta kare irinmu ba, sai aka bar wa shugabannin ƙananan hukumomi su ba wanda suka ga dama. Mataimakin kakakin Majalisar Wakilai, Benjamin Kalu, ya kawo ƙudurin da zai ba wanda aka haifa a jiha, ko ya zauna shekara goma, ko ya yi aure a cikinta, matsayin ɗan asali. Surutu ya yi yawa, musamman a nan Kudu maso Yamma, ya janye shi a Yulin 2025. Kun ga shekara goman nan da Ingila ta bar wa ɗan baƙo daga wata nahiya, mu ba mu same ta ba a cikin ƙasarmu bayan shekara ɗari da 'yan kai.

Kuma maganar haihuwa tana ƙarƙashin wannan tsoro, ko da ba a faɗa a fili ba. Binciken lafiya na ƙasa ya nuna haihuwa a Nijeriya ta sauka daga 5.3 a 2018 zuwa 4.8 a na 2023 zuwa 2024, amma ba daidai take sauka ba. A lissafin 2018 Arewa maso Yamma tana 6.6, Kudu maso Yamma tana 3.9. Mai gari da ya ga gidansa 'ya'ya uku, gidan maƙwabcinsa baƙo takwas, ɗan siyasa ba zai sha wuyar tsorata shi ba. Don haka muna roƙon matasanmu su daina cika bakin nan na cewa mun fi yawa, wata rana mu za mu yi mulki. Ba ya ƙara mana ko kujerar kansila, sai dai ya ba mai neman fitina abin nunawa. Haka nan, in muna son a ji kukanmu, dole mu yarda cewa ɗan Bayarabe ko ɗan Ibo da aka haifa a Sabon Garin Kano ko Zariya, kukansa ɗaya ne da namu. Duk ranar da irin wannan ƙuduri ya dawo majalisa, tare da su za mu goyi bayansa, kuma mu faɗa wa 'yan majalisar jihohinmu na asali haka ba tare da kunya ba.

Gyaran tsarin mulki ba a hannunmu yake ba. Ga abin da ke hannunmu. Dokar 1992 ta wajabta a yi wa kowane jariri rajista da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa cikin kwana 60. Katin da asibiti ke bayarwa ba shi ne takardar haihuwa ba, wannan kuskure ne da muke yawan gani. Mukan nemi bashi mu sayi ragon suna, mu kira maroƙa, amma takardar da za ta nuna an haifi yaron a garin nan sai ya kai shekara goma sha takwas a tafi kotu a yi rantsuwar shekaru. Iyayenmu mata, musamman masu haihuwa a gida a hannun ungozoma, wannan saƙo naku ne: haihuwar gida ma ana yi mata rajista. A rubuta Ibadan a wurin da aka ce garin haihuwa, kada a rubuta Kano ko Katsina don ƙaunar gida, domin gaskiyar ke nan, kuma ita ce za ta yi wa yaron amfani. Katin riga-kafi ma a adana shi tare da ita: allurar mako 6 da 10 da 14 wadda ke kare yaro daga mashaƙo, cutar da ta yi ɓarna a Kano tun ƙarshen 2022, sai ta ƙyanda a wata 9 da kuma wata 15. Muna yawan zirga-zirga tsakanin nan da Arewa, in cuta ta ɓulla a unguwarmu kun san sunan da za a kira ta da shi a gari. Rasiɗin haraji, na shago, na kuɗin fili, takardar makarantar firamare, duk a sa su a leda ɗaya a cikin akwati. Katin zaɓe a mayar da shi inda ake kwana. Ƙidaya rabonmu da ita tun 2006, ta 2023 an ɗage ta, amma duk ranar da ta zo kada wanda ya hau mota ya tafi a ƙirga shi a ƙauye, domin asibiti da famfo da aji ana lissafa su ne da mutanen da aka samu a wuri.

Kwamiti ya shirya zama a ƙofar Sarki ranar Asabar mai zuwa daga ƙarfe goma na safe zuwa azahar. Kowane mai gida ya zo da sunayen 'ya'yansa da ba su da takardar haihuwa, da ranar haihuwarsu in an sani, in ba a sani ba a zo da uwar, ita ba ta mantawa. Mata biyu daga kwamiti za su zauna a zauren ciki saboda waɗanda ba sa fita. In mun haɗa sunayen za mu kai wa jami'in rajista gaba ɗaya mu roƙe shi ya zo unguwa. Duk wanda kuma aka hana ɗansa takardar indijin, a nan ko a Arewa, ya zo ya faɗa mana shekara da dalilin da aka ba shi, muna tattara su a rubuce.

 Za mu karɓi tambaya uku, biyu daga maza ɗaya daga ɓangaren mata, sannan mu ba kwamitin tsafta wuri ya kawo maganar magudana.